Makunnin da Na Ɗaure da Roba

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya san abin da na ɓoye tun kafin in sami ƙarfin halin rubuta shi. Sunana Lawali. Walda nake yi a Madarumfa, ƙofofi da tagogi da ƙafafun amalanke, wani lokaci kuma in gyara wa masu lambun bakin tafki injin ban ruwa. Wannan labarin jinyar matata Habsu ne. Na rubuta shi ne saboda masu sana'a irin tawa, musamman masu ji da kansu wajen dabara, don a layinmu babu wanda ya kai ni wannan ciwon.

Ina da injin yankan ƙarfe na hannu, irin mai faifan nan da ke juyawa. Mutanen Jibiya, inda na sayo shi, giranda suke ce masa. Mai kyau ne, ba tsohon tarkace ba. Makunninsa yana ƙarƙashin mariƙi, kuma ba ya tashi haka kawai: sai ka tura wani ɗan harshe da yatsa, sannan ka matse da tafin hannu, da ka saki kuma ya mutu. Ni a wautata sai na ga wannan fitina ce ta waɗanda ba su taɓa yini suna yankan ƙarfe ba. Kafin azahar hannu ya ƙage. Ranar nan na yanko robar tayar keke, na matse makunnin, na naɗe shi tamau. Daga ranar, in ina so ya tashi sai in soka wayar a bango, in ina so ya tsaya sai in zare. Murfin ƙarfen da ke rufe rabin faifan ma na kwance shi, wai yana tare mini gani.

Dabara ta biyu ta fi ta farko muni, kuma ita ce aka fi yaba mini. Kowa ya san halin kuran, wato wutar lantarki, a garinmu, ya zo ya tafi ba sallama. In ya ɗauke ina cikin aiki, ba na zare wayar. Sai in kwantar da injin a kan tebur, in danne shi da wani guntun ƙarfe mai nauyi, in tafi fada, majalisarmu ta gindin dogon yaro, shan shayi. Da wuta ta dawo sai ya kwarma ihu, duk layi ya ji. Tela ya tashi, mai ƙanƙara ya tashi, ni ma in tashi. Abokaina suka sa masa suna ladanin Lawali. Kusan shekara biyu ina jin daɗin wannan suna.

Habsu ba ta san komai a kan wannan ba, don ba ta zuwa wurin aikina, injin kuma bai taɓa shiga gida ba sai ranar da abin ya faru. Wata Talata ce cikin damina, an gama noman farko. Ta daɗe tana yi mini mitar ƙofar garken awaki da ta karye, har tana cewa gidan mai walda ne kaɗai a unguwa ake tare ƙofa da turmi. Na kawo injin, na fara yankan ƙarfe a tsakar gida, ban kai rabi ba kuran ya ɗauke. Na ajiye shi a ƙasa, wayar tana bango yadda na saba. Guntun ƙarfen da nake danne shi da shi yana can wurin aiki, ban ko tuna da shi ba. Na ce mata ina zuwa, na fita fada.

Hadari ya haɗo, aka fara yayyafi, muka kwashe kayan shayi muka shiga zauren tela. Ita kuwa a gida ta kwashe shanyarta, sai ta hango injin a ƙasa ruwa na sauka a kansa. Ta san shi ne rabin jarina. Ta ɗauke shi, ta rufe shi da gefen zanenta kada ya jiƙe, ta nufi ɗaki. A daidai wannan lokaci wuta ta dawo.

Na ji ƙararsa daga zaure. Na ce, "To, ladan ya kira," aka yi dariya. Ƙarar ta yanke da wuri, na ɗauka wutar ce ta sake tafiya, na ci gaba da kurɓar shayina. Sai da na shanye muka ji kururuwar mata.

Faifan ya kama zanen, ya naɗe, injin ya kuɓuce mata ya sauka a ƙafar dama, ƙasan gwiwa, ya ci nama har ƙashi. Faɗuwar da ta yi ce ta fizge wayar daga bango, ba don haka ba da abin ya fi haka. Na same ta kwance cikin taɓo da kashin awaki, mata biyu suna danne wurin da ɗankwali, ruwan sama yana wanke jinin zuwa makwarara. Aka nemo mota. Na ce bari in ɗauko kuɗi a ɗaki. A hanyar fitowa na ga injin cikin taɓo da baƙar robar nan a jikinsa. Na zaro wuƙa na yanke ta, na jefa a masai. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ruɗewa ce ta sa. Ƙarya ne. Matata tana zubar da jini a ƙofar gida, ni kuma ina da hankalin da zan ɓoye laifina.

A ɗakin shan magani aka wanke ciwon gwargwadon iko, aka ɗinke, aka yi mata allura biyu, aka ba mu ƙwayoyi, aka ce mu riƙa zuwa wanki. Da la'asar muna gida. Maganar farko da ta yi mini bayan ta ɗan dawo hayyacinta ita ce, "Maigida, wallahi ban san inda na taɓa ba. Injin ya lalace?"

Na ce, "Bar zancen inji, ke dai ki samu lahiya."

Ta ce, "Hannuna ne da karambani. Ka sha hana yara taɓa kayanka."

Na yi shiru. Shirun nan shi ne farkon abin da na shafe wata uku ina ginawa a kai.

Washegari yayarta Sa'a ta zo daga Safo. Yaya Sa'a ita ta riƙe Habsu tun rasuwar mahaifiyarsu, mace ce mai zafin nama da zafin baki, ba ta zauna ba ta fara faɗa. "Ke kuma mi ya kai ki taɓa kayan maza? Ga shi kin ja ma bawan Allah asara cikin damina!" Ni ne bawan Allah. Har haƙuri ta ba ni. Daga nan masu dubiya suka fara zuwa, kowa da maganinsa. Wannan ta ce ruwan bagaruwa, waccan ta ce man shanu da toka, wata tsohuwa ta ce ƙarfen da ke juyawa da kansa ba banza ba, a nemi rubutu. Duk an yi, ban hana ko ɗaya ba.

Wanda ya tsaya mana tsakani da Allah shi ne maƙwabcinmu Malam Bulus, Kirista ne, tsohon malamin asibiti da ya yi ritaya. Kullum da safe zai zo da ƙaramar jakarsa ya wanke ciwon, bai taɓa karɓar ko dala ba, in an matsa masa sai ya ce a ba shi hura. Rana ta biyar ya buɗe ƙyallen, ya sunkuya ya shinshina, ya danna gefen ɗinkin, wani ruwa mai launin ƙasa ya fito. Ya kira ni waje ya ce, "Lawali, wagga ƙahwa ta hi ƙarhina. Ku tahi Maraɗi yau, ba gobe ba." Muka yi kwana biyu ba mu tafi ba. Yaya Sa'a tana so a cika kwana bakwai na bagaruwa, ni kuma ina so in ƙarasa wata ƙofa in karɓi kuɗinta. A kwana biyun nan zazzaɓi ya rufe Habsu, ƙafar ta kumbura har zanen da aka rufa mata ba ta iya jure nauyinsa.

Mako na biyu a wani asibiti na Maraɗi ya same mu. Mun isa rana ba ta ɗaga ba, amma mun tarar da layi har bakin ƙofa, damina ce, zazzaɓin yara ya cika ko'ina. Layin karɓar tikiti daban, layin ganin likita daban, layin hoton ƙashi daban, kowanne kuma sai ka biya ka dawo da takarda. Habsu tana kwance a tabarma a baranda, Yaya Sa'a tana kore mata ƙuda da mafici. Sai bayan azahar muka shiga.

Likitan matashi ne, mai magana a hankali, da alama ya gaji. Ya warware ɗinkin gaba ɗaya, ya ce an rufe ƙazanta a ciki, kuma hoto ya nuna faifan ya tsaga ƙashi. Ya tambayi abin da ya yanke ta, na faɗa masa. Ya juya ga Habsu ya ce, "Ke kika kunna shi?"

Ta ce, "Ni dai na ɗauka, ƙila na danna wani wuri."

Ya ce da ni, "Wane irin makunni gare shi? Na matsewa ko na turawa?"

Na ce na matsewa.

Ya ce, "Irin wannan ba ya tashi da kuskure. Sai an yi abu biyu da gangan, in an saki kuma ya tsaya. Don haka aka yi shi." Ya dube ni na ɗan lokaci. Ni kuwa na dubi takalmansa. Akwai mutane da yawa a waje suna jira, bai ƙara tambaya ba, ya rubuta ordonansi, takardar sayen magani, mai tsawo ya miƙo mini. Rabin magungunan babu su a cikin asibiti, sai da na taka farmasi uku a gari, jika ashirin da na zo da su ba su ga magariba ba.

A mako na uku aka shiga da ita ɗakin aiki sau biyu ana kankare ruɓaɓɓen nama. Aka nemi jini, na ba da nawa, ƙanenta ya ba da nasa. Ɗakin mata ne, ba a barin namiji ya zauna, don haka Yaya Sa'a ce a ciki, ni ina waje gindin bishiya da sauran mazan da aka kora irina. Sau biyu a yini ake buɗe mana ƙofa. Mai gadin wurin ya taɓa mayar da ni da kwanon kunu a hannu don na makara kaɗan, na roƙe shi har na gaji, kunun ya huce a hannuna. Amma a ɗakin nan kuma akwai wata malamar jinya da ke ɓoye mana ragowar bandeji, akwai wata tsohuwa daga garin Sarkin Yamma mai jinyar jikarta, wadda duk abin da ta dafa sai ta zuba wa Habsu. Ban san sunanta ba har aka sallame su. Allah ya saka musu, ni ba ni da abin biyansu.

A makon nan na sayar da injin waldana. Gonarmu kuwa ciyawa ta shanye ta, don kowa yana fama da tasa. Yaranmu uku suna wurin mahaifiyata. Duk lokacin da na shiga dubiya, Habsu sai ta ƙirga mini abin da ta ja mini. "Ka bar aiki, ka bar gona, duk saboda ni." Ni kuma in ce ƙaddara ce. Kalmar nan ta yi mini rana sosai, na ɓuya a bayanta kamar yadda ɓarawo ke ɓuya cikin masallata. An ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, to ni na ɗebo, bakin Habsu ne ya ƙone, kuma tana ba ni haƙuri.

Mako na huɗu ya zo da sauƙi, har muka sake jiki. Zazzaɓi ya sauka. Ta ci tuwo da miyar kuka, ta ce miyar Maraɗi ba ta da daddawa. Ta sa Yaya Sa'a ta tsefe mata kai ta yi mata kitso. Ta tambaye ni ko an gyara ƙofar awakin, na ce a'a, ta yi dariya ta ce ai ta sani. Wannan ce dariyarta ta ƙarshe da na ji har yau. Kwana huɗu bayan haka ta ce yatsun ƙafar ba sa jin taɓi. Na taɓa, sanyi ƙalau. Washegari babban yatsa ya yi duhu, zuwa jibi duhun ya haura idon sawu, ga wani wari da ba na so in siffanta.

Likitan ya kira ni da Yaya Sa'a. A ranar na ji kalmar da ta zauna mini a kai, gangiren. Ya ce naman ya mutu, mutuwar kuma hawa take yi. Ya ce in an yanke yanzu, ƙasan gwiwa za a yanke, gwiwar ta tsira, kuma mai gwiwa yana iya tafiya da ƙafar roba ba tare da wahala sosai ba. In aka jira, bai san inda za a tsaya ba. Ya ce sa hannun miji ake bukata.

Kafin la'asar dangin Habsu sun cika gindin bishiyar nan. Kawunsu ya ce a zuriyarsu ba a taɓa binne mutum gutsure-gutsure ba. Aka ce akwai wani mai magani a wani ƙauye can yankin Sarkin Yamma, wanda ya tayar da ƙafafun da likitoci suka yanke wa ƙauna. Malam Bulus ya kira ni ta waya yana roƙo, "Don girman Allah, Lawali, kar ka bari a hidda ta. Kai ne miji, ka sa hannu." Na san gaskiya yake faɗa. Na buɗe baki na ce ni dai ina ganin a bi maganar likita. Yaya Sa'a ta juyo kaina.

"Kai dai ka gaji da kashe kuɗɗi, shi ya sa kake so a datse a huta! Da ƙahwarka ce ka yarda?"

Da wani mijin ne, da ya tsaya ya yi rantsuwa, ya buga ƙasa, ya ce matarsa ce. Ni ban iya ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Gani nake in na ɗaga murya wani zai ce, to kai wa ya kawo injin gida, daga nan tambaya ta haifi tambaya. Kuma ta yaya wanda ya yanke ƙafar da hannunsa zai sa hannu a ƙarasa ta? Na sa hannu, amma a takardar fitar da ita daga asibiti.

Kwana tara muka yi a ƙauyen nan. Ba zan zagi mutumin ba, bai zo ya ɗauke mu ba, mu muka kai kanmu. Ya yi turare, ya shafa saiwoyi, ya ɗaure da ganye, ya karɓi tunkiya. A wata bukka aka kwantar da ita, ƙasa a jiƙe, ƙuda kamar an zuba. Rana ta shida ta daina gane mutane, tana kiran mahaifiyarta da ta rasu tun tana yarinya. Rana ta tara na ga Yaya Sa'a ta ɗaga ganyen, ta duba, ta mayar, ta fita bayan bukka tana amai tana kuka. Da ta dawo ba ta dube ni ba, ta ce, "Nemo mota."

Likitan bai yi mana faɗa ba, da ya yi da na fi jin sauƙi. Ya duba kawai ya ce yanzu sama da gwiwa ne, kuma sai an yi kwana biyu ana ƙarin ruwa da jini kafin jikinta ya iya ɗauka. A kwana biyun hankalinta ya dawo. Da kanta ta ce a yanke, ta gaji.

Da safe aka turo ta a gadon ƙarfe. A bakin ƙofar ɗakin aiki ta ce a tsaya. Kun san al'adarmu, mai shiga irin wannan wuri yana neman gafara, don ba a san fita ba. Ta nemi gafarar kawunta, ta nemi ta Yaya Sa'a. Sannan ta juyo da kai wurina, muryarta ba ta fita sosai.

"Maigida, ka yahe mini. Na taɓa abin da ba a sa ni ba. Na lalata maka sana'a, na cinye maka jari, ga shi za ka zauna da gurguwa. Ka yahe mini don Allah, kar in tahi da haƙƙinka."

Mutum shida suna tsaye suna jiran amsata. Mai tura gadon yana duban agogo. Gaskiyar tana nan a bakina, kalma goma ba ta kai ba. Na ce, "Na yahe miki, Habsu, duniya da lahira." Kawu ya ce Allah ya yi mini albarka. Aka tura ta ciki.

Ta fito da rai. Bayan mako biyu da rabi aka sallame mu, gero ya riga ya nuna a gonakin mutane. Yaya Sa'a ta zauna da mu, Malam Bulus kuma ya koya mini yadda ake wanke dungun da naɗe shi, na karɓi wannan aikin ba na barin kowa ya yi. Mutane suna ta yabona, wai ba a taɓa ganin miji mai jinya kamata ba. Habsu takan farka tana sosa ƙafar da babu, takan manta ta yunƙura za ta tashi ta faɗi. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne masu dubiya. Duk macen da ta shigo, Habsu sai ta yi mata wa'azi: "Ku ji tsoron kayan maza. Ko ruwa zai tahi da su, ku bar su. Ku dube ni, karambani ya kai ni." Matan su yi ta jinjina kai, su fita su kai gaba. Har tela na ji yana gaya wa matarsa. Darasin ya zagaye unguwa, amma a juye, kuma a layinmu wani mai walda ya riga ya ɗauki aikin ladan da nasa injin.

Wata rana Malam Bulus ya ce in nuna masa injin. Na ɗauko shi daga inda na jefa shi. Ya tura ɗan harshen, ya matse, ya saki, makunnin ya koma da kansa, ƙyat. Ya sake yi. Sannan ya shafa babban yatsansa a kan mariƙin, inda robar ta bar baƙin zane a zagaye. Ya miƙo mini ya ce, "Wanga makunni lahiyarshi lau. Ni ba alƙali ba ne, Lawali, maƙwabci ne. Amma matarka tana kwana tana tashi da kayan da ba nata ba." Ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Ga abin da nake so masu sana'a su ji daga bakin wanda ya gani. Makunnin da ke gajiyar da hannunka, in ka saki ya mutu, kada ka ɗaure shi, kada ka sa mai gyara ya haɗa wayoyin kai tsaye. In ya lalace ka sayi wani, in babu kuɗi ka ajiye injin. In za ka sayi sabo, ka gwada a gaban mai shago: ka kunna, a zare waya, a mayar. Wanda ya tashi da kansa ka yi hattara da shi, akwai waɗanda ba sa tashi sai an sake kunnawa, su za ka nema ko sun fi tsada. In kuran ya ɗauke, abu na farko ka zare waya, tun kafin ka share gumi. Murfin faifai ka bar shi inda yake. Mai son sanin dawowar wuta ya kunna ƙwan fitila, ƙwai bai taɓa yanke kowa ba. Kai ka san halin injinka, amma wanda zai ɗauke shi bayan ka fita bai sani ba.

Kwana uku bayan maganar Malam Bulus na gaya mata. Da hantsi ne, Yaya Sa'a ta tafi kasuwa, ina durƙushe ina wanke dungun. Ban ɗaga kai ba. Na faɗa mata zancen robar, da ladan, da wayar da na bari a bango, da wuƙar da na sa na yanke robar tana kwance a ƙofar gida. Na ce ba ta danna komai ba, babu abin da za ta danna, ko jariri ne ya ɗauka haka zai tashi. Na ce a asibiti ma na san likita ke da gaskiya, tsoro ne ya hana ni tsayawa, gwiwarta ma ni na ci.

Ba ta yi kuka ba. Ta bari na gama wankin, na shafa magani, na naɗe bandejin, na soke shi da fil. Na zaci ƙafar za ta ambata, na shirya wa wannan. Sai ta ce a hankali, "Ran da za a shiga da ni, na roƙe ka gahwara gaban mutane. Ka ce ka yahe. Mi ka yahe mini, Lawali?"

Shekara goma sha huɗu muna tare, ba ta taɓa kama sunana ba, ko a bayan idona. Ranar ta kama shi.

Da Yaya Sa'a ta dawo, Habsu ta ce mata tana son ta ga gida. Ba ta gaya mata dalili ba, har yau kuma ban ji alamar ta gaya wa kowa ba. Washegari aka kawo amalanken jaki. Na sunkuya zan ɗauke ta kamar yadda nake yi kullum, ta ɗaga hannu ta ce in bari. Da sanda da kafaɗar yayarta ta ja jiki har bakin amalanken, sau biyu tana kusan faɗuwa, ina tsaye hannuwana a sake.

Wata biyar ke nan tana Safo. Ba ta nemi takardar saki ba, ba ta kuma ce ga ranar dawowa ba. Duk Juma'a nakan je da sabulu da bandeji da ɗan abin da na samu. Yaya Sa'a ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo hura, ta yi ta sa mini albarka, tana gaya wa maƙwabta irin mijin da Allah ya ba ƙanwarta. Habsu tana amsa gaisuwata daga cikin ɗaki, ta tambayi yara, ta tambayi mahaifiyata. Makon jiya na tsaya a bakin labule na ce mata ni ma gafara na zo nema. Daga bayan labulen ta ce, "Ni ban iya hwaɗin abin da ba shi ne a raina ba. Ka gaida gida."